Hawan dutse a Abruzzo: wa zai je, wa ke ganin wahalar banza ce?

Baban Nana (Roma): Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara na kawo. Duk shekara in an ce a fita tare sai dai mu ƙare a bakin teku a Ostia a ci shinkafa a watse, to bana me zai hana mu hau dutse? A jihar Abruzzo da ke tsakiyar Italiya, gaba da L'Aquila kaɗan, akwai wasu tsofaffin ƙauyuka a kan tsauni, Santo Stefano di Sessanio da Calascio da Castel del Monte, kuma akwai hanyar ƙafa da ta haɗa su. Nufina mu ajiye motoci a Santo Stefano mu taka zuwa tsohuwar ganuwar nan ta Rocca Calascio, kamar awa biyu ne in ba a sauri, a huta a ci abinci a juyo. Daga Roma in aka bi babbar hanyar A24 ba a yin awa biyu an kai L'Aquila. Me kuka gani?

Ɗan Agadas (Foggia): Baban Nana Allah shi ba ka haƙuri amma ni dai na gama tahiyar ƙasa a rayuwata. Wanda ya bi Dirku cikin hamada ya hito Saba ta Libiya ba a gayyato shi yawon dutse don nishaɗi. Ranar hutu guda ɗaya gare ni a sati, in kwashe ta in kai ma dutse? Mi na ci mashi?

Sadiya M.: hhhhh wlh Ɗan Agadas ka faɗi abin da ke raina. Turawa ne da suka ƙoshi suke neman wahala da kuɗinsu

Baban Nana (Roma): Ai na san za a yi haka. Ku bari waɗanda suka san wurin su yi magana tukuna. @Zainab kina nan? @Jauro fa?

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Ina nan Baba, ina wuni. Gaskiya wurin ya cancanci a je, kuma wannan hanyar da ka ce ba hawan dutse ba ce irin wadda mutane ke tsoro, ba igiya ba rarrafe, tudu ne kawai ana hawa a hankali. Santo Stefano tana kan mita 1,250 ne daga teku, Rocca kuma 1,460, kun ga bambancin ba wani yawa. In ka isa sama za ka ga hasumiya babba a tsakiya da ƙanana huɗu masu zagaye a kusurwoyi, duk da farin dutse, ƙasa da ita kaɗan akwai wata 'yar coci mai kusurwa takwas ita kaɗai a fili, daga can kuma kana hango tsaunukan Gran Sasso a arewa da na Majella a ɗaya gefen. Ƙauyen da ke jikin ganuwar girgizar ƙasa ta 1703 ta rusa shi, mutane suka riƙa saukowa ƙasa Calascio har ya zama kango, daga baya ne aka gyara wasu gidajen.

Sadiya M.: To ƙanwata kango za mu je kallo kenan? A garinmu ma akwai kango kyauta

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Anti Sadiya ai abin da ya sa aka gina shi ne abin ji. Duk ƙauyukan nan tumaki ne suka gina su. Bayansu akwai wani ƙaton fili a saman tsauni, Campo Imperatore, tsawonsa wajen kilomita 27, ciyawa ce zalla ba bishiya. Lokacin zafi tumaki suna kiwo a can, in sanyi ya taho ƙarshen Satumba sai a koro su zuwa jihar Puglia a kudu inda ba a yin dusar ƙanƙara, su dawo a watan Mayu. Burtalin da suke bi mafi girma ya tashi daga L'Aquila ya dire Foggia a Puglia, kilomita 244, faɗinsa mita 111 kuma doka ce ta tsare shi, manomi bai isa ya ci ko taku ɗaya ba. A 1447 sarkin Napoli Alfonso ya kafa ofishin karɓar jangalin tumaki, duk garken da ya sauka sai an ƙirga an biya, ofishin ya daɗe a Foggia sai 1806 aka soke shi. Ita hasumiyar Rocca daga nan ake gadin hanya ana ganin mai shiga da mai fita. Har gidan Medici, masu mulkin Firenze, sai da suka sayi yankin a 1579 saboda gashin tumaki, shi ya sa tambarinsu ke kan ƙofar shiga Santo Stefano har yau.

Ɗan Agadas (Foggia): Tsaya tsaya. Foggia wagga da nike ciki ina tsinkar tumatir? Kenan hilin nan da muke duƙe cikinshi da can makiyaya ne?

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Ƙwarai kuwa yaya, mashekarin tumakin Abruzzo ne. Da aka mai da filin gonaki ne kiwon ya mutu, shi ya sa ƙauyukan saman ma suka kwashe, mutane suka tafi Amurka da Faransa da Beljiyam neman aiki. Santo Stefano da ta taɓa haura mutum dubu yanzu ɗari da 'yan kai ne suka rage.

Ɗan Agadas (Foggia): Ikon Allah. To wannan kam ban sani ba. Amma dai ba shi sa in hau dutse.

Jauro: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri ina wurin aiki sai yanzu na ga saƙo. Ni na yi kiwo a wajen nan, ɓangaren Castel del Monte, kafin in dawo kamfani. Abin da Zainabu ta faɗa haka yake, sai dai yanzu ba a kora su a ƙasa zuwa Puglia, wanda ma yake kaiwa a babbar mota yake lodawa. Kuma masu kiwon yanzu yawanci ba 'yan garin ba ne, 'yan Masedoniya ne da Albaniya da mu 'yan Afirka, 'ya'yan masu tumakin suna birni. Aikin akwai kaɗaici sosai, sai ka yi kwanaki ba ka ga mutum ba sai masu jakar goyo suna wucewa suna ɗaukar ka hoto ba su ko tambaye ka ba.

Baban Nana in za ku je ku ji magana ɗaya daga bakina: karnuka. Ba irin karen gida ba ne, farare ne manya, wani ya kai ɗan maraƙi, an raine su cikin tumaki tun suna jarirai don su kori kyarkeci, wasu har da ƙarfe mai ƙaya ake sa musu a wuya. Kare irin wannan ba ruwansa da kai sai in ka nufi garke. In kun hango tumaki a kan hanya kar ku ratsa tsakiyarsu ko da alamar hanya ta can ta bi, ku zagaya nesa. In ya taso yana haushi ku tsaya cak, kar wanda ya ruga, kar a ɗaga sanda kar a duƙa a ɗauki dutse, wannan dabarar ta gida a nan ita ke jawo cizo. Ku yi magana a hankali ku ja da baya, ku ɗaga murya ku kira makiyayin, yana kusa ko ba ku gan shi ba. Yara kuma a riƙe hannunsu.

Hajiya Rabi (Brescia): Innalillahi. Kare kamar ɗan maraƙi? Baban Nana cire sunana tun ban sa ba.

Jauro: Hajiya kar ki tsorata, tsakanin Santo Stefano da Rocca mutane suna wucewa kullum, karnukan sun saba. A can saman fili ne aka fi haɗuwa da su. Na faɗa ne don na san halin mutanenmu da kare.

Hajiya Rabi (Brescia): To ɗana na ji. Amma gwiwata fa? Ni matakalar gidanmu ma da addu'a nake hawa.

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Hajiya ke da masu ƙananan yara ba sai kun taka duka ba. Mota ɗaya ta kai ku Calascio ta ƙasa, lokacin da baƙi suka yi yawa ba a barin motoci su hau, akwai 'yar bas da ke kai mutane har ƙauyen sama, daga nan 'yan mintuna ne zuwa ganuwa amma akwai duwatsu a ƙasa, sai a hankali. Ko kuma ki zauna a Santo Stefano ki zaga lunguna, garin ƙarami ne ga sanyi mai daɗi, hasumiyarsu da ta faɗi a girgizar ƙasar 2009 an sake gina ta.

Sadiya M.: Girgizar ƙasa kuma?? Kare, kyarkeci, girgizar ƙasa, saura me

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Anti ni a cikin garin da abin ya faru nake kwana fa. 6 ga Afrilu 2009 ne, mutum 309 suka rasu, ciki har da ɗalibai da yawa. An sake gina mafi yawan garin. Italiya dai kusan duk tsakiyarta haka take, ba a fasa rayuwa don wannan.

Malam Idi (Napoli): Allah ya kiyaye mu. Ni tambayata biyu ce, sallah da abinci. Akwai ruwan alwala a hanya? Sannan na ji ana ta yabon tsiren wurin, wa ya yanka?

Jauro: Malam ruwa a cikin gari ne kawai, kowane ƙauye yana da famfo a dandali, ruwan sanyi mai kyau. Amma da ka fita gari shikenan, dutsen wurin irin mai shanye ruwa ne, ko an yi ruwan sama nutsewa yake, ba rafi ba ƙorama. Kowa ya cika gora babba kafin a tashi, lita ɗaya da rabi ko biyu. Inuwa ma babu, rana tana dukan ka kai tsaye kuma iska na kaɗawa ba za ka san kana ƙonewa ba.

Malam Idi (Napoli): To alhamdulillah, a yi alwala a gari. Tafiyar kuma ta wuce nisan kasaru ga wanda ya taso daga Roma balle mu, wannan ba matsala. Saura nama.

Baban Nana (Roma): Arrosticini suke ce masa Malam, naman tunkiya ne zalla a yanka ƙanana a soke a tsinke, gishiri kawai ake sa masa a gasa a kan gawayi. Ba alade a ciki. A saman filin wajen Fonte Vetica akwai shaguna da za ka sayi ɗanye su ba ka murhu a waje ka gasa da kanka.

Malam Idi (Napoli): Ba alade na tambaya ba Baban Nana, yanka na tambaya.

Abba_Torino: Malam ai yankan ahlul kitabi ya halatta, aya ce a Ma'ida. Mu dai nan muna ci

Malam Idi (Napoli): Abba ayar muna karanta ta. Maganar ita ce a mayankar zamani ana sumar da dabba kafin wuƙa, kuma ba ka san wanda ya riƙe wuƙar ba ko yana da addini ko ba shi da shi. Malamai sun yi saɓani, ban ce wanda ya ci ya yi laifi ba, amma in fita ce ta jama'a da sunan ƙungiya gara a kawo abin da kowa zai sa hannu ba tare da waswasi ba.

Abba_Torino: To sai mu sayo namu a wurin 'yan Bangladash a Roma mu je mu gasa a murhun nasu

Jauro: A'a Abba wannan ba daidai ba ne. Murhun da gawayin na mai shago ne, don wanda ya sayi namansa ya kunna. Ka zo da naka ka ɗora ai ka ci haƙƙinsa, kuma gobe in baƙar fata ya zo da shi za a kalla. Hura wuta a fili kuma kar ma ku fara, wurin gandun gwamnati ne, ciyawa a bushe, in jami'ai suka gan ku tara ce mai zafi. Ku dafo abinci daga gida. Wanda yake son ɗanɗana na wurin ya sayi cuku, na Castel del Monte na nonon tumaki ne, ni da hannuna na tatsi nonon da ake yin sa.

Hajiya Rabi (Brescia): Dambun nama da soyayyen kaza da biredi, an gama magana. Ba ya lalacewa ba ya nauyi. In na zo ni zan yi dambun.

Sadiya M.: Au Hajiya ke da kika ce a cire sunanki

Hajiya Rabi (Brescia): Na ce IN na zo.

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Akwai kuma adas ɗinsu na Santo Stefano, wani dangin wake ne, ƙanana ne masu duhu, a nan saman suke noma shi kuma ba ya buƙatar jiƙawa, farkon Satumba har biki suke masa. Ku sayi ɗanye ku kai gida. In za ku ci miyarsa a gidan abinci ku tambaya tukuna don wasu suna jefa naman alade a ciki don ƙamshi, ba sa ma ɗaukar sa a matsayin nama, sai ka ce ba nama su ce eh ba nama alhali yana ciki. Ku ce senza maiale, wato ba alade, ƙarara.

Abba_Torino: Ni fa gaskiya in zan taso tun daga Torino ba zan tsaya a awa biyu ba. Me zai hana mu hau Corno Grande gaba ɗaya, ƙololuwar Gran Sasso, mita 2,912, shi ne mafi tsawo a duk tsaunukan Apennini. Na ga bidiyo mutane suna hawa har da tsofaffi, mota tana kaiwa har otal ɗin nan da aka tsare Mussolini a 1943, daga nan ai rabin aikin an yi

Jauro: Abba tsofaffin da ka gani tun suna yara suke hawa. Kar ka haɗa.

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Yaya Abba don Allah a raba maganar biyu. Hanyoyin nan suna da daraja, ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya, CAI, ita ke sa musu harafi. T na kowa da kowa ne, E na mai ɗan ƙwari da takalmi mai kyau, EE na waɗanda suka goge. Ta Corno Grande ko mai sauƙin cikinsu EE ce, akwai tsakuwa mai zamewa da gangare, dusar ƙanƙara takan kai farkon lokacin zafi ba ta narke ba, kuma da rana ta karkata hadari kan taso ba sallama, tsawa a saman dutse ba inda za ka ɓuya. A Disambar 2024 mutum biyu suka rasu a Gran Sasso, masu ceto sun yi kwanaki iska da dusar ƙanƙara sun hana su isa. Ba wurin da za a kwashi mutum ashirin da yara da kular abinci ba ne. In kana so ka shiga reshen CAI na garinku, suna fita da jagora kusan kowane mako, a Torino ma aka kafa ta tun 1863.

Abba_Torino: Toh an kashe min baki

Jauro: Ko ta ƙasan ma a kula da hazo. A filin nan na ga rana tsaka garau, kafin ka ɗaure igiyar takalmi hazo ya rufe ba ka ganin tunkiyar da ke gabanka. Alamar hanya fenti ne ja da fari a jikin dutse ko a kan sanda, in kun yi tafiya mai ɗan tsawo ba ku ga fenti ba ku koma inda kuka ga na ƙarshe, kar ku ce bari mu yanke. Yankewa ita ke ɓatar da mutane. Kuma a tashi da sassafe, kafin azahar an juyo.

Zainab (ɗaliba, L'Aquila): Kuma banda silifas da takalmin zuwa biki don Allah. Kambas mai ƙarfin ƙasa ya isa. Rigar sanyi ko da a Yuli ne, hula, waya cike da caji, a sauke taswira tun a gida don sabis yana ɗaukewa a wasu kwaruruka. Lambar gaggawa 112. Mata doguwar riga ba matsala amma a sa wando a ciki kuma kar ta ja ƙasa, akwai ƙaya.

Malam Idi (Napoli): Kowa kuma ya riƙe takardunsa a jiki. Motoci uku cike da baƙaƙe a ƙauyen mutum ɗari, ko ba komai za a iya tsayar da mu a hanya a tambaya.

Baban Nana (Roma): Wannan gaskiya ne Malam. Saura rana. Agusta dai a manta da ita, makon hutun 15 ga wata duk Italiya tana can, ko wurin ajiye mota ba za a samu ba. Ni ina ganin ko tsakiyar Yuni lokacin da ciyawa take kore, ko Satumba.

Ɗan Agadas (Foggia): Yuli zuwa Satumba aikin tumatir na kan ganiyarshi, ba mai sakin mu.

Sadiya M.: Kai da ba za ka je ba ina ruwanka da rana

Ɗan Agadas (Foggia): Ban ce zan hau ba. In anka yi Yuni ina iya zowa in zamna da Hajiya a gari in tsare dambu. Jauro burtalin nan har yanzu ana ganin shi ko gonaki sun cinye?

Jauro: Wani wuri ya ɓace, titi ya hau kai ko gona. Amma a gangaren ƙasa wajen Navelli da kangon Peltuinum yana nan a fili, za ka ga ciyawa ta miƙe da faɗi tsakanin gonaki. Kuma duk ƙarshen Satumba akwai masu bin sa a ƙasa tun daga L'Aquila har Foggia, sama da mako suke yi.

Ɗan Agadas (Foggia): Har Foggia a ƙasa? Ba wanda ya kore su? Kai Turawa.

Baban Nana (Roma): To a tsayar da Yuni, Asabar ba Lahadi ba, don wanda zai zo ta bas daga tashar Tiburtina ta Roma zuwa L'Aquila ya samu ta komawa, mu ɗauke shi a tasha tunda motar ƙauyukan ba ta da yawa. Ni ina da wurin mutum huɗu. Masu mota su rubuta suna da adadin kujeru a ƙasa. Jauro kai ne gaba, Zainab ke ce baya kar a bar kowa.

Jauro: Ba damuwa in sha Allah, amma duk wanda ya zo da silifas a mota zai zauna.

Abba_Torino: Kujera uku, zan kwana a Roma ranar Juma'a. Wa zai ba ni masauki?

Hajiya Rabi (Brescia): Abba ka biyo ta Brescia ka ɗauke ni, kuma ka bar wuri a but don kula biyu ce.

Abba_Torino: Hajiya Brescia fa ba kan hanyata take ba

Hajiya Rabi (Brescia): Yanzu ta zama.